Hurumin Da Ya Rasa Mai Tsaro: Tarihin Kiwo A Dazuzzukan Ƙasar Zamfara

Duk matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, da zarar ya bar 'Yankara a bayansa ya ratsa Wanzamai da Kucheri da Magazu har ya isa Tsafe, abin da idonsa zai fi gani dama da hagu shi ne gonaki waɗanda suka matso har bakin kwalta, da duwatsu tsirara, da saurukan da sabara da tumfafiya suka cinye. Alhali kuwa dattawan waɗannan garuruwa, waɗanda har yanzu akwai sauransu da rai, sun san zamanin da gamba take shanye tsawon mutum a wannan ƙasa, marke da madaci da kawo suna haɗa inuwa, garken shanu kuma ya fito daga arewa ya gangara kudu ta burtali mai faɗi ba tare da ya taɓa zangarniyar kowa ba. Galibin mutane idan aka tambaye su abin da ya cinye wannan daji sukan ce saniya ce. A cikin wannan magana akwai gaskiya, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Amma wanda ya bi tarihin al'amarin daga tushe zai tarar cewa saniya ta yi ɗaruruwan shekaru tana kiwo a wannan ƙasa dajin bai mutu ba, sai a cikin shekaru sittin ɗin nan na baya, lokacin da aka rasa wanda zai ce wannan wuri hurumi ne, a kuma ji maganarsa.

Ƙasar nan da magabata suke kira Katsinar Laka tsohuwar ƙasar ilmi ce, domin a cikinta 'Yandoto take, garin malamai wanda sunansa ya kai nesa tun kafin jihadi. Kuma malaman da suka zauna cikinta, da waɗanda suka gaje su bayan Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, ba su ɗauki sha'anin daji da makiyaya abin da shari'a ta yi shiru a kansa ba. Ya tabbata a hadisi cewa jama'a suna tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Ya kuma tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka, ya umurci wakilinsa da ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garkunan mawadata, bisa hujjar cewa mawadaci idan dabbobinsa suka halaka yana da gonakin dabino da zai koma gare su, talaka kuwa ba shi da inda zai nufa sai ƙofar shugaba. Fuƙaha'un Malikiyya sun yi bayanin ɓarnar dabba filla-filla, suka ɗora lamunin abin da ta ɓata da dare a kan mai ita, suka ɗora tsaron gona da rana a kan mai gona, matuƙar ba sakaci makiyayi ya yi ba. Asalin mas'alar kuwa yana cikin ƙissar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a Suratul Anbiya. Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum a kan hanyoyin mallakar matacciyar ƙasa, wanda ake kira Ta'alimur Radi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya rasu a 1837, ya yi ta ƙoƙarin zaunar da Fulani makiyaya kusa da ribaɗoɗi domin su sami karatu da shari'a. A bisa wannan ginshiƙi ne a da kowane gari yake da hurumi, da mashaya, da burtali wanda aka shinge da aguwa ko cediya, kuma dagaci da ardo da alƙali kowa ya san iyakar ikonsa a kai.

A da akwai kuma wata alaƙa wadda ta fi dokar sarki ƙarfi, ita ce buƙatar juna. Manomin Kucheri ko na Bunguɗu, idan kaka ta yi ya kwashe dawarsa da geronsa, shi da kansa yakan nemi Bafillace ya sauka a gonarsa, ya ba shi dami da goro, domin shanun su ci kara da karmami su bar masa taki. Matar makiyayi kuma ta shigo gari da nono da man shanu ta koma da hatsi. Da damina shanu suna mashekari a arewa ko a tudu nesa da shuka, da rani su gangara fadama da kudu, saboda haka babu wata makiyaya da ake ci wata goma sha biyu, kowace tana samun hutun da ciyawarta za ta yi iri. Wannan tafiya da komowa, wadda wasu masu ilmin zamani suka daɗe suna kira ci baya, ita ce ta raya dajin.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, a lokacin da garkuna ba su gama farfaɗowa ba daga annobar bushiya wadda ta kusa ƙare shanun ƙasar Hausa wajen 1890. A 1910 suka yi dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, sa'an nan suka shiga yanka gandun daji. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko aka keɓe babban Dajin Zamfara, can tsakanin Zurmi da Birnin Magaji da iyakar Katsina, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 2,000, aka bar wa manoma 'yan tsibiran gonaki a Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja. Manufar Bature a wancan lokaci itace ce da tsaron ƙasa daga zaizaya, makiyayi kuwa abin da ake so a wurinsa jangali ne, wanda ake ƙirga shanu da damina a karɓa a zuba a baitulmalin En'e. Fulani sun ƙi jinin jangali, sun kuma sha gudu da shanunsu cikin dare saboda shi. Amma duk da zaluncin da ke cikinsa ya sa saniya ta zama dukiyar da hakimi yake kishin kada ta bar ƙasarsa, saboda haka yakan tsare mata burtali da mashaya. Da aka soke shi zuwa ƙarshen shekarun 1970 makiyayi ya huta da biya, amma sunansa ya fita daga littafin hukuma, ya zama baƙo a ƙasar da aka binne kakanninsa.

A cikin wancan zamani ne abubuwa biyu suka haɗu a kan dajin. Jirgin ƙasa ya ratso ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, aka kafa injin gurzar auduga a Gusau, garmar shanu ta yaɗu, mutum ɗaya ya iya nome abin da a da sai gayya. Ta ɗaya gefen kuma ɗakin binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a Vom a 1924, da allurar bushiya ta gama-gari da aka fara a 1962, suka sa garkuna suka yawaita. Gona tana faɗaɗa, garke yana ƙaruwa, ƙasar kuwa tana nan yadda Allah ya halicce ta.

Gwamnatin Sardauna ta hango inda al'amarin ya dosa, shi ya sa ta yi Dokar Makiyaya ta 1965, wadda ta ba hukuma ikon keɓe daji domin kiwo kaɗai. Dajin Zamfara da na Runka a ƙasar Katsina suna cikin na farko da aka gwada aikin a kansu, da taimakon kuɗi da ma'aikatan Amurka: aka tona madatsun ruwa, aka yanka hanyoyin tsare gobara, aka raba dajin kashi-kashi domin a ci wannan a hutar da wancan, aka shuka ciyawa. Amurkawan sun zo da darasin ƙasarsu, inda sakin shanu ba ƙa'ida a filayen gwamnati ya kashe ciyawar yammacin ƙasar har aka yi musu dokar kiwo a 1934. Abin da ba su lura da shi ba shi ne cewa makiyayin Zamfara ba mai gandu ɗaya ba ne, rayuwarsa a kan tafiya take, kuma ba a shawarce shi ba kafin a ja layi a taswira. Da baƙin suka tafi, aka yi juyin mulki da yaƙin basasa, kuɗin gyara ya yanke, madatsai suka cike da yashi. A duk Nijeriya ana lissafin makiyayu 415, amma waɗanda aka tabbatar da su a gazet kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Sauran sunansu kawai ke cikin fayil.

Yanzu sai mu zo ga ɓarnar da kiwo ya yi, domin ɓoye ta ha'inci ne ga makiyayan kansu. Gamba ciyawa ce mai saiwa wadda take shekara da shekaru, tana riƙe ƙasa, tana tohowa da ruwan farko. Amma idan shanu masu yunwar bazara suka faɗa mata tun tana jaririya, suka maimaita bana da baɗi ba hutu, sai saiwar ta ƙare ƙarfi ta mutu, kyasuwa da burburwa da ƙarangiya su gaje ta, waɗanda suke bushewa da ɗaukewar ruwa. Idan matsin ya ci gaba su ma su kau, tafasa da rai-ɗore su rufe wurin, ganye kore shar wanda saniya ba ta kula shi. A kewayen kowace mashaya kofato yakan daddaɓe ƙasa har ruwan sama ya kasa shiga, sai ya kwarara a kai ya tafi da dausayin, turbar shanu ta zama kwazazzabo mai cin gona da hanya. Idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, makiyayi yakan hau kawo da madaci da madobiya da gawo ya sassare rassa domin dabbobinsa, itacen da aka yi wa haka shekara bayan shekara kuwa ba ya fure balle ya yi 'ya'ya, ɗan tsiron da ya samu ya fito kuma akuya ta cinye shi. Ta haka daji yake tsufa ba magaji. Ga kuma wutar da ake sakawa domin toho ya fito da wuri, wadda makiyaya da mafarauta suke tarayya cikin alhakinta. Masanan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokan aikinsu Jamusawa sun yi shekaru a cikin 1990 da 'yan kai suna auna irin wannan lalacewa a Dajin Zamfara.

Sai dai adalci ya wajabta a tambayi dalilin da ya sa shanu suka taru a wuri ɗaya har suka kashe shi. Farin 1973 da na 1984 ya koro garkunan Azbin da Adar da Gobir zuwa kudu. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 ta canja ambaliyar fadamun Gulbin Sakkwato. Aikin noman rani da injin ban ruwa ya mai da sauran fadamu lambuna, waɗanda a da su ne mafakar shanu a bazara. Takin zamani mai rahusa ya sa manomi ya daina neman Bafillace ya sauka a gonarsa, har ya fara tattara kara da harawa yana sayarwa. Jama'ar da ke cikin ƙasar da ta zama Jihar Zamfara kimanin miliyan 2 ne a ƙidayar 1991, a ta 2006 sun haura miliyan 3, kowanne kuma yana da hakkin ya ci abinci. Kada kuma a manta da masu gawayi da suka ƙare ƙirya, da motocin itace da suke fita zuwa birane kullum. Saniyar da aka toshe wa burtali, aka nome mata mashekari, aka shinge mata mashaya, dole ta tsaya inda ta samu ta ci har saiwa.

Akwai wata hasara wadda ban taɓa ganin an sa ta cikin lissafi ba, ita ce ta nishaɗi da walwalar jama'a. Daji a ƙasar Hausa wurin shaƙatawa ne tun kafin a san kalmar yawon buɗe ido. A da, bayan an gama kaka akan buga gangar farauta, samarin garuruwa da yawa su haɗu da karnuka da kulake da 'yan tauri, su kwana biyu ko uku a dawa, su komo ana yi musu kirari; wanda ya san waƙoƙin Kassu Zurmi ya san matsayin da wannan al'ada take da shi a zukatan Zamfarawa. Yara sukan fita cin ƙanya da magarya da ɗinya, masu zuma su ɗaura amya a kan ɗorawa, masu magani su nemo saiwa da sassaƙe, Fulani su yi sharo a bakin kasuwa mutanen gari suna kallo, a Kwatarkwashi kuma a hau dutse bikin kamun maiki. A kudancin Zamfara aka keɓe Dajin Kuyambana domin namun daji, yana manne da Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari wadda ta zama gandun shaƙatawa na ƙasa a 1999, a da giwaye suna kai da komowa tsakaninsu, ga gwanki da kanki da gada. Da an riƙe amanarsa da ya zama wa Zamfara abin da Yankari ta zama wa Bauchi tun da aka buɗe ta ga baƙi a 1962. Amma shanun da aka kora daga wasu wurare sun kwararo ciki, suka ƙwace 'yan tafkunan rani da namun suke sha, suka kawo musu cuta, aka sa wa zaki da kura guba saboda kare garke, maharba masu bindiga suka ƙarasa saura. Yaron da aka haifa a Tsafe a wannan ƙarni zai yi wuya ya taɓa ganin barewa a dawa, kuma ba ya ma iya zuwa ya duba.

Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta rage ikon sarakuna da alƙalai waɗanda suka san kan iyakoki da ido. Bayan an ƙirƙiri Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, musamman daga 1999 da siyasa ta dawo, sai yankan gonaki a cikin gandun daji da makiyayu ya zama hanyar saka wa magoya baya, manyan mutane suka sami ɗaruruwan kadada, ƙananan masu iko kuma suka sayar da burtali taku-taku. Abin baƙin ciki ne ƙwarai cewa wannan ya faru a jihar da ta riga kowace ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, alhali babin hurumi yana cikin littattafan da ke kan kantar kowane alƙali. Makiyayi ya ga ana cin sa tara mai nauyi a kan ɓarna, ba a cin wanda ya nome hanyarsa. Manomi ya ga an cinye masa guminsa cikin dare. Ɓarayin shanu suka sami daji marar mai tsaro, suka fara da garkunan Fulanin kansu. 'Yan sa-kai suka tashi suna kashe mai laifi da marar laifi a kasuwanni, ramuwar gayya ta biyo baya. A Yunin 2013 aka kashe mutane da dama a Kizara ta ƙasar Tsafe, a Afrilun 2014 aka yi kisan 'Yargaladima a ƙasar Ɗansadau. Kwamitin da gwamnan wancan lokaci Bello Matawalle ya kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar, ya ƙirga zawarawa kusan 5,000 da marayu fiye da 25,000 da waɗanda suka bar gidajensu fiye da 190,000 tsakanin 2011 da 2019. A Satumban 2021 har layukan waya aka yanke a jihar, aka rufe kasuwannin dabbobi. Babu wani zalunci da aka yi wa makiyayi wanda zai halatta jinin matafiyin da aka tare tsakanin Kucheri da Wanzamai, ko na manomin da aka ɗauke a gonarsa. Wanda ya aikata haka ɗan ta'adda ne, hukuncinsa kuma sananne ne. Amma wanda yake son ya kashe wuta wajibi ne ya san inda ta kama.

Wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi rubutu a 1968 yana cewa duk makiyayar da ta zama ta kowa ƙarshenta halaka, domin kowane mai garke zai ƙara dabba ya bar wa jama'a hasarar. Daga baya Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta nuna da misalai daga ƙasashe da yawa cewa abin tarayya yana ɗorewa matuƙar yana da iyaka sananniya, da ƙa'idar da masu amfani da shi suka yarda da ita, da mai tsaro, da hukunci mai sauƙin samu. Tarihin Zamfara ya gaskata ta, fiƙihunmu kuwa ya riga ta da ƙarnuka. Maƙwabtanmu na Nijar ma sai da suka ɗanɗana ɗacin al'amarin, lokacin da aka kashe mutum fiye da 100 a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, kafin su kafa dokar karkara ta 1993, wadda ta samar da kwamitocin filaye da suka haɗa manoma da makiyaya da sarakuna, aka bi manyan burtulan jihar Maraɗi aka kakkafa musu turakun siminti. Rigima ba ta ƙare a can ba, amma mai nome burtali ya san ana ganinsa.

A Zamfara an soke rabon gonakin da aka yi cikin makiyayu a takarda a 2019, an fara ginin ruga a Maradun, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa ma'aikatar kiwo a 2024. Duk waɗannan ba za su tsirar da tushen gamba ɗaya ba sai an sauka ƙasa. Ina kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da ta fito da tsofaffin taswirorin gandun daji da makiyayu da burtula, ta buga su da Hausa da ajami, a manna a ƙofar kowane hakimi daga Tsafe zuwa Bunguɗu, ta fara karɓe na manya kafin ta taɓa na talaka, wanda shi kuma a musanya masa. Ina kira ga sarakunanmu da su zaunar da dagatai da ardo-ardo tun dattawan da suka san iyakokin suna raye, a rubuta shaidarsu. Ga shugabannin makiyaya da su yarda da hutar da daji da hana sassare itace da ƙayyade garke gwargwadon abin da ƙasa za ta ɗauka. Ga malamanmu kuma da su buɗe babin hurumi da na lamunin ɓarna a majalisun karatu da huɗubar Juma'a, su karanta wa masu mulki da talakawa baki ɗaya.